Wuta-wuta da tartsatsin da tsirrai ke magana da shi

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, ko ta Mashi da Daura, daga ƙarshen watan Agusta zuwa Oktoba, ba zai rasa ganin gonakin da suka yi ado da wani fure mai ruwan hoda ba, ya cika kunya-kunya a gindin dawa da gero kamar da gangan aka shuka shi. Baƙo daga birni kan tsaya ya ɗauki hoto. Mai gonar kuwa in ya dube shi gabansa ne ke faɗuwa, domin ya san kafin furen nan ya leƙo sama an riga an gama ɓarna a ƙarƙashin ƙasa. Shi ne wuta-wuta, wasu su ce ƙuduji. Wanda ke kama hatsi masana na kiran sa Striga hermonthica, ɗan'uwansa mai kama wake kuma Striga gesnerioides. Ina jin waɗanda suka raɗa masa suna wuta-wuta sun duba yadda yake barin dawa a tsumbure ne, ganyenta a ƙeƙashe kamar an bi ta da bakin wuta. Binciken shekaru arba'in da suka wuce ya nuna cewa sunan ya dace fiye da yadda suka zata, domin da wani irin tartsatsi ne wannan ciyawa ke lalubo saiwar dawa.

Ƙwayar irin wuta-wuta ba ta kai rabin milimita ba, kamar ƙura take a tafin hannu. Tsiro guda kan zubar da dubun-dubatarta, kuma tana iya kwanciya a cikin ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Guzurin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba: in ta tsira ba ta kama saiwar wani ba cikin 'yan kwanaki, ta mutu. Ga ta ba ido, ba hanci, ba kunne. To, yaya take sanin cewa dawa ta iso kusa, kuma yaya take gane cewa abin da ta taɓa saiwa ce ba tsakuwa ba? Amsar tambaya ta biyu tana cikin wata kwalba da kusan kowane kemis a Katsina ke sayarwa.

Ina nufin ruwan wanke ciwon nan mai kumfa, haidirojin feroksaid, wanda masana ke rubutawa H2O2. Wani Bafaranshe mai suna Louis Jacques Thénard ne ya gano shi a 1818. Kumfar da yake yi a kan gyambo aikin wani furotin ne da ke jikinmu, katalas, wanda ke farfasa shi ya koma ruwa da iskar oksijin, kuma ƙwaya guda ta katalas tana farfasa miliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya. Abin tambaya shi ne me ya sa jikin mutum, da ganyen zogale, da saiwar gero, duk suke ɗauke da makami mai kaifi haka don maganin wani ruwan kwalba. Dalili shi ne su ma suna samar da ruwan a cikinsu dare da rana.

Iskar oksijin, wadda ta kai kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, tana da kwaɗayin ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. In ta karɓi guda huɗu cif, sai ta zama ruwa, lafiya lau. In kuwa ta karɓi ɗaya, sai ta zama sufa-oksaid. In biyu, haidirojin feroksaid. Daga nan kuma, in ta haɗu da ƙarfe, a sami wanda ya fi su duka mugunta, mai cin duk abin da ya taɓa nan take. Waɗannan su ne zan riƙa kira tartsatsin oksijin. Ganye kuwa maƙera ce da ba a kashe wutarta muddin rana na sama: hasken rana yana tunkuɗa ilektiron daga wannan furotin zuwa wancan domin a haɗa sukari, kuma duk maƙerar da ake aiki dole tartsatsi ya tashi. Idan rana ta yi yawa, ruwa ya yi ƙaranci, aikin haɗa sukari ya ja baya amma haske bai daina zuba ba, sai ilektiron su rasa mai karɓar su, su faɗa hannun oksijin.

Manomanmu sun san ƙarshen wannan labari ko da ba su san sunansa ba. Maganin ciyawar nan farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, aikinsa ke nan: yana fizge ilektiron daga maƙerar ganye ya miƙa wa oksijin, ya dawo ya sake fizgewa, har tartsatsin ya fi ƙarfin masu kashe shi. Shi ya sa ciyawar da aka fesa da hantsi take babbakewa kafin a ankara, kuma shi ya sa ya fi saurin ci in rana ta buɗe. Irin wannan ɓarna yake yi wa huhun ɗan'adam in ya shiga jiki, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da shirin raba Nijeriya da shi. Duk lokacin da na ga yaro da famfon feshi a bayansa, ba takalmi ba safar hannu, wandonsa sharkaf, sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Saboda irin wannan ne masana suka daɗe suna kallon tartsatsin oksijin a matsayin guba tsantsa. Da Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano furotin mai kashe sufa-oksaid a 1969, da kuma Christine Foyer da Barry Halliwell suka bayyana a 1976 yadda ganye ke amfani da bitamin C wajen share H2O2, sai hoton ya zama kamar ya kammala: ga gobara, ga 'yan kwana-kwana. Wanda ya dagula lissafin shi ne Noriyuki Doke na Jami'ar Nagoya a Japan. A 1983 ya ba da rahoton cewa idan aka sa wa yankan dankalin Turawa cutar ruɓewa, irin wadda ta jefa ƙasar Ayalan cikin yunwa a shekarun 1840, dankalin da ke da juriya yakan yi aman sufa-oksaid cikin gaggawa, wanda cutar ke cinyewa kuwa ba ya yi. Wato mai lafiyar shi ne mai tartsatsi. Daga baya aka gano cewa a jikin fatar kowace ƙwayar halittar tsiro akwai wani furotin, RBOH, wanda ba shi da wata sana'a sai ƙyasta wannan tartsatsi zuwa waje. Ɗan tsiron nan Arabidopsis, wanda ya zame wa masu binciken tsirrai kamar ɓera ga likitoci, yana da iri 10 na wannan furotin. Halitta ba ta ajiye ƙyastu har goma don ta ƙona gidanta.

Amfani na farko da aka fahimta shi ne na yaƙi. Idan cuta ta huda ganye, ƙwayoyin da ke wurin sukan watsa mata tartsatsi, su yi amfani da shi wajen ƙarfafa bangonsu, sa'an nan in ta kama su kashe kansu, domin cutar da ke buƙatar nama mai rai ta tsinci kanta a kufai. Ƙungiyar Chris Lamb a Amurka ta nuna a 1994 cewa H2O2 ne ke jan ragamar wannan aiki: mai yawa yana kashe ƙwayoyin da ke tsakiya, ɗan kaɗan da ya tsallaka zuwa maƙwabta kuma yana sa su ɗaura ɗamara. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ƙone kewayen tarin kara ko harawa da gangan don kada gobarar daji ta iso, ya fahimci dabarar. Ɗan ɗigon baƙi da ake gani a ganye, kewaye da kore shar, sau da yawa tabon nasara ne.

Yadda saƙon ke isa ba wani siddabaru ba ne. Sufa-oksaid ba ya daɗewa, nan da nan yake komawa H2O2, shi kuma wannan yana da ɗan jinkirin da zai ba shi damar tafiya, har yakan bi ta kafofin da ruwa ke shiga ƙwayar halitta, kamar yadda aka nuna a 2007. In ya shiga, sai ya taɓa ƙwayar farar wuta da ke jikin wasu furotin, siffarsu ta sauya, wanda ke barci ya farka, wanda ke aiki ya tsaya. Bayan ɗan lokaci masu shara su zo su goge, komai ya koma yadda yake. Ma'anar saƙon tana ga yawansa, da wurin da ya fito, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Ashe katalas da bitamin C ba kashe gobara kaɗai suke yi ba, su ne ke hana maganar zama hayaniya.

Inda lamarin ya fi shafar mu a nan Katsina shi ne ƙofofin ganye. A jikin kowane ganye akwai dubban ƙananan kafofi, kowace da masu gadi biyu, kamar yadda Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da Ƙofar Marusa suke da masu tsaron su a zamanin da ganuwa ke ganuwa. Ta nan iskar da ake haɗa sukari da ita ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Idan ƙasa ta bushe, tsiro yana tara wani sinadari da ake kira ABA. A shekarar 2000 Zhen-Ming Pei da abokan aikinsa suka nuna cewa ABA yana sa masu gadin su samar da H2O2, shi kuma ya buɗe wa sinadarin kalsiyam hanya ya kwarara ciki, masu gadin su saki ruwansu su yi laushi, ƙofa ta rufe. Tsiron da aka lalata wa ƙwayoyin gadon RBOH biyu, umarnin rufe ƙofa ba ya isa gare shi yadda ya kamata.

Matsalarmu ita ce fari da zafi tare suke zuwa mana. Ruwan da Katsina ke samu a shekara bai fi milimita 600 da 'yan kai ba in an daidaita, yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba, kuma ba abin mamaki ba ne a yi shuka sa'an nan sama ta ɗauke na mako biyu ko uku. Zafi yana ce wa ganye ya buɗe ƙofa ya yi gumi ya huce. Fari yana ce masa ya rufe. Ron Mittler, wanda yanzu yake Jami'ar Missouri, ya daɗe yana jan hankalin masana cewa martanin tsiro ga masifu biyu a haɗe daban yake da martaninsa ga kowace ita kaɗai, don haka irin da aka gwada da fari a ɗaki mai sanyi bai ci jarrabawar Jibiya ba tukuna. Ƙungiyarsa ta ga wani abin sha'awa a waken suya: in zafi da fari suka haɗu, yana rufe ƙofofin ganye amma ya bar na fure a buɗe, ya kashe ɗan ruwan da ya rage wajen sanyaya inda 'ya'ya za su fito. Gero da dawa da masara suna da wata dabarar tara iska a cikin ganye da ke rage musu asarar da zafi ke jawowa, tare da rage H2O2 da ke fitowa ta wannan hanya. Shinkafa da alkama da wake da tumatir ba su da ita. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi hattara da ɗokin mayar da kowace gona ta shinkafa. A ranar 3 ga Afrilun 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma Sahel ɗin da suke ciki shi ne a ƙofar gidanmu.

Masu lambu a Ajiwa da bakin madatsar Zobe suna da nasu kason. Kowa ya san yadda tumatir ke tsada in bazara ta kankama. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne garin fure, wanda a gero muke kira bununi. Domin ya yi barbara sai ya tsirar da wani siririn bututu, kuma tsinin bututun yana buƙatar ɗan tartsatsi kafin ya yi tsawo, kamar yadda gashin saiwa ma ke buƙata. Zafi yana sa tartsatsin ya wuce kima, bututun ya kasa, fure ya kaɗe. Binciken da ƙungiyar Gloria Muday ta wallafa a 2018 ya nuna cewa tumatir mai ƙarancin wasu sinadarai da ake kira filabonol ya fi shan wannan wahala, mai wadatarsu kuma ya fi jurewa. Wannan hanya ce a buɗe ga mai son samar da irin tumatir na bazara.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na 2009. Gad Miller da Mittler da abokan aikinsu suka ji wa tsiro ciwo a wuri guda, suka ga saƙo yana bin jikinsa da gudun santimita 8.4 a minti ɗaya. H2O2 ba zai iya wannan tafiya da ƙafarsa ba, za a share shi tun bai yi nisa ba. Abin da ke faruwa shi ne kowace ƙwaya in ta ji tartsatsin maƙwabciyarta sai ta ƙyasta nata, ta gaba ma haka, har ƙarshen reshe. Da suka shafa katalas a tsakiyar kara, saƙon ya tsaya a nan. An ce a da hasumiyar Gobarau, ban da kiran salla, wurin hangen mahara ce; mai hange ba ya sauka ya zaga unguwa-unguwa, kururuwa yake yi, wanda ya ji ya ɗauka. A Arabidopsis aka auna wancan gudu, amma in muka ɗauka karan dawa mai tsawon mita uku haka yake, labari zai tashi daga gindi ya kai zangarniya cikin minti 36. Ganyen da rana ba ta kai gare shi ba, ko tsutsa ba ta ciza ba, yakan fara shiri saboda abin da ya sami ɗan'uwansa.

Saura kunnen da ke jin saƙon daga waje. A 2020 ƙungiyoyi biyu suka wallafa sakamakonsu a mujallar Nature. Ta Pei a Jami'ar Duke ta gano wani furotin a fatar ƙwayar halitta mai jin H2O2, ta sa masa suna HPCA1. Ta Ken Shirasu a cibiyar RIKEN ta Japan kuwa tana neman abin da ke jin wani sinadari mai suna DMBQ ne, ta same shi ta kira shi CARD1. Da aka duba, ashe furotin ɗaya ne. Shi kuma DMBQ, ba don komai Japanawan ke bin sawunsa ba sai don wuta-wuta.

Ga yadda satar ke gudana. Mataki na farko ba na tartsatsi ba ne. Saiwar dawa tana fitar da wani sinadari, sitirigolakton, domin ta gayyato wasu funfunan ƙasa masu taimaka mata jawo fosforas, kamar yadda masu bincike a Japan suka tabbatar a 2005. Irin wuta-wuta yana laɓe yana saurare, da ya ji sai ya tsira. Mataki na biyu shi ne sanin inda zai kafa baki. David Lynn da abokan aikinsa a Amurka sun ware DMBQ daga saiwar dawa a 1986, suka nuna shi ne ke sa tsinin saiwar wuta-wuta ya daina tsawo, ya kumbura, ya fitar da gashi, ya zama bakin tsotso. Abin ɗaure kai shi ne dawa ba ta sakin wannan sinadari haka kawai. Bayanin da suka kawo daga baya shi ne ɓarawon ne ke ƙera mabuɗin da kansa: tsinin saiwarsa yana tafe yana fitar da H2O2, in ya taɓa tsakuwa ba abin da ke faruwa, in kuwa ya taɓa bangon saiwa sai tartsatsin, da taimakon wasu furotin, ya mayar da sinadaran bangon su zama DMBQ da danginsa, su dawo masa a matsayin amsa. Kamar makaho ne da sandarsa, yana ƙwanƙwasawa yana sauraren ƙara. Da suka zuba katalas ya shanye H2O2, bakin tsotson bai fito ba. Nasu aikin a kan Striga asiatica ne, amma a 2019 ƙungiyar Satoko Yoshida a Nara ta gwada irin namu, hermonthica, ta ga in an toshe furotin masu ƙyasta tartsatsi, shi ma ba ya iya yin bakin. Kunnen da sauran tsirrai ke jin tashin hankali da shi, danginsa ne wannan ciyawa take da su a jikinta, ga alama kuma da su take jin ƙamshin abinci.

Wasu tsirran suna ramawa. Wani waken gargajiya daga ƙasar Botswana, B301, in ƙudujin wake ya kafa masa baki, ƙwayoyin wurin sukan yi baƙi su mutu, ɓarawon ya bushe a bakin ƙofa. Dabarar ƙone kewaye ce dai da na ambata a baya. A 2009 Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Virginia suka gano ƙwayar gadon da ke ba shi wannan juriya ga jinsin ƙudujin da ya addabi Nijeriya da Nijar. Tun kafin nan masu kyautata iri a tashar IITA ta Kano da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun yi shekaru suna wannan aiki, kuma waken SAMPEA 10 da aka saki a 2008 yana cikin 'ya'yan wannan wahala. Sai dai abokin gaba ba ya barci: a yankin Zakpota na Jamhuriyar Benin akwai jinsin ƙuduji da ke cin B301, domin yana zuba wa saiwar wani furotin da ke hana ta yin kururuwa. A ɓangaren dawa kuma, Gebisa Ejeta ɗan ƙasar Habasha ya sami lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009 saboda irin da ya samar mai jure fari da wuta-wuta, kuma a 2017 ƙungiyarsa ta bayyana sirrin ɗaya daga cikinsu: dawar ta sauya irin sinadarin da take fitarwa zuwa wanda ƙudujin ba ya ji sosai.

Wannan ilimi ya fassara mana abubuwan da dattawa ke faɗa. Sun ce wuta-wuta ciwon gajiyayyiyar gona ne, kuma gaskiya ne: dawar da ke yunwar fosforas ta fi ɗaga murya wajen kiran funfuna, don haka ta fi tayar da ɓarayi. Takin gargajiya da jakuna ke kaiwa gona da rani, da shanun Fulani da ke kwana a gona bayan girbi, suna rage wannan kira. Rashin tsaron da ya addabi Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari ya taɓa wannan tsohuwar ma'amala, tsadar takin zamani kuma ta ƙarasa sauran. Akwai kuma auduga. Daga saiwar auduga aka fara ware sinadarin da ke tayar da irin wuta-wuta a 1966. Tana tayar da shi amma ba ya iya kama ta, sai ya mutu da yunwa. Lokacin da Funtuwa da Malumfashi da Bakori ke fari fat da auduga, kowace shekarar da aka juya gona ana rage rumbun irin da ke ƙasa ba tare da an sani ba. Ra'ayina ne cewa durƙushewar noman auduga ta yi mana asarar da ba ta tsaya a masaƙa ba. Wasu nau'o'in waken suya da gyaɗa suna yin irin wannan aiki ga ƙudujin hatsi.

A nan ne nake da magana da jami'o'inmu. Jihar Katsina tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Al-Qalam, da ta Tarayya a Dutsin-Ma, ga kuma Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero a maƙwabta, don haka ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ke damun mu ba. Amma duk wanda ya saba duba kundayen kammala digiri a fannin ilimin tsirrai da sinadarai a ƙasar nan ya san jigon da ya fi yawa: a daka ganyen zogale ko kuka ko sabara, a jiƙa, a auna ƙarfinsa na kashe tartsatsin oksijin a cikin kwalba, a rubuta cewa yana da amfani. Ba na raina wannan aiki, amma tunanin 1969 ne, na gobara da 'yan kwana-kwana. Mittler ya sa wa wata maƙalarsa ta 2017 take mai cewa tartsatsin alheri ne. Tambayoyin da ke jiran mu sun fi wancan daɗi. Wace dawa ce cikin kaura da farfara da sauran irin gargajiya take saurin ƙone wurin da ƙuduji ya taɓa? Wane gero ne ke rufe ƙofa da wuri, wane ne ke jinkiri, kuma wanne ya fi kai labari in sama ta ɗauke mako uku? Me ke faruwa da irin da aka yi binne, yana kwance cikin rairayi mai zafi kafin ruwan fari? Shi kansa tsirowar iri yana buƙatar tartsatsi daidai gwargwado, in ya gaza iri ya ci gaba da barci, in ya zarce ya lalace.

Kada a ce sai da na'urar miliyoyi. Akwai rinin da ake kira DAB, wanda tun 1997 ake amfani da shi a ganyen sha'ir: a jiƙa ganye a ciki, a wanke korensa da sinadarin alkohol, duk inda H2O2 ya taru sai ya fito ruwan ƙasa, ido na gani. Wani rinin, NBT, yana nuna sufa-oksaid da shuɗi. Gwajin da ƙungiyar Ejeta ta fito da shi a 1992 don tantance dawar da ba ta tayar da ƙuduji, faranti ne da ɗan kunun agar da madubin ƙara girma. Abin da ɗakunan binciken Japan da Amurka suke kashe kuɗi su samu, wato irin wuta-wuta da rana mai digiri 40, mu a bayan gari muke da shi kyauta.

Ina kuma jan hankalin manoma game da ruwan feshi iri-iri da ke shigowa kasuwa da alƙawarin kare shuka daga wahala. Wasu na iya yin amfani, amma tsiron da aka toshe wa tartsatsi gaba ɗaya kurma ne, ba ya jin fari balle ya rufe ƙofa. Kafin a zuba kuɗi, a tambayi malamin gona ko an gwada abin a ƙasa irin tamu, a kuma bar kunya biyu ba feshi don a ga bambanci da ido.

Amurka ta tsinci Striga asiatica a gonakin masarar jihohin Karolina a tsakiyar shekarun 1950. Gwamnati ta killace yankin, ta hana fitar da ƙasa da kayan aiki ba tare da wankewa ba, ta riƙa cusa iskar etilin a cikin ƙasa domin irin ya tsira a banza ya mutu, ta yi shekaru gommai a kai har ta kusa kawar da shi. Mu ba mu da kuɗinsu, gonakinmu kuma ƙanana ne a warwatse, amma akwai abin da ke hannunmu. Hukumar KTARDA da ƙananan hukumomi za su iya sa irin wake da masara masu juriya su isa kasuwannin Charanchi da Mai'aduwa da Mashi kafin ruwan fari, maimakon a watan Yuli da shuka ta riga ta wuce. Masu unguwanni da dagatai kuma za su iya sa ranar gayya a watan Satumba, a tuge furen kafin ya zubar da iri, a tara shi a rami a ƙone. Wanda aka tuge aka yar a kan kunya, in ya riga ya yi kwanso, yakan ƙarasa nuna a nan ya zube. Dole kuma gayyar ta haɗa gonakin da ke maƙwabtaka, domin iska da ruwa da kofaton dabba suna ɗaukar irin daga gonar da aka bari zuwa wadda aka share.